Hular Wakili Sai-Gobe

Da sunan Allah nake farawa, sannan da neman afuwar duk wanda na taɓa ɗaukar tafiyarsa ko tarinsa na kai gidan talabijin ba da saninsa ba. Suna da yawa. Wasu sun rasu, Allah ya jiƙansu, wasu kuma suna nan suna harara ta a kasuwar Karaye.

Sunana Isiyaku, amma in ka shigo Karaye ka tambayi Isiyaku, mai facin taya za a nuna maka. Sai ka ce Sai-Gobe sannan yara za su rako ka har ƙofar gidana. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa shi ne samarin da suke zuwa mini da wayoyinsu, wai in koya musu barkwanci. Kwanan baya wani ya ce mini shi ya riga ya iya, mabiya kawai yake nema. Na ce to in gani. Sai ya faɗi ƙasa ya yi birgima, ya miƙe yana kallona. Na ce masa jakin maƙwabcina yana yin haka kullum da hantsi, kuma har yau bai nemi mabiya ba. Yaron ya tafi ransa a ɓace. Bai kamata in faɗa masa haka ba, Allah ya yafe mini, amma jakin ya fi shi iya faɗuwa.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na gama firamare da ƙyar, daga nan sai zaman tasha. A tashar Karaye maigidana Garba Tsumma ya fara ganina, ina kwaikwayon wani mai tallan maganin basir a bayan motarsa, shi mai maganin yana gaba yana ta bayani bai san abin da ya sa jama'a suke dariya ba. Maigida yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo da take zuwa Kano ana ɗaukar ta a gidan talabijin. Ya kama kunnena ya ce in bi shi. Na ɗauka tauraro zai mai da ni. Adaka ya ɗora mini a ka.

Wannan adakar ita ce makarantata. A cikinta akwai babbar rigar da mutum biyu za su shiga su yi hira, da matashin kai na yin tumbi, da tabarau marar gilashi, da toka a gwangwani don furfura, da gemu. Gemun nan na gashin bunsuru ne, Maigida da kansa ya saye shi a wurin mahauta, kuma duk wankin da aka yi masa bai manta da mai shi na farko ba. Da ƙaro ake manna shi. Ƙaro kuwa ba ya son zafi, fitilun ɗakin ɗauka kuma zafi gare su kamar bakin murhu. Ranar da aka fara sa ni a gaban kyamara, aikina kawai in zauna a matsayin dattijo ina shan koko. Ina cikin sha sai na ji gemun ya fara sauka a hankali, ya bar haɓata ya faɗa cikin kwanon. Darakta bai ce a tsaya ba, ni kuma tsoro bai bar ni na tsaya ba, sai na sa ludayi na tura gemun gefe na ci gaba da shan kokona. Mai kyamara ya yi dariya har hoton ya karkace. A mota muna dawowa Maigida ya ce daga yau wani ne zai ɗauki adaka.

To ku ji dokar Maigida, don ita ce sana'ar gaba ɗaya. Ya ce ba a ƙirƙirar mutum daga iska, ɗauko shi ake yi a cikin jama'a. Amma kada ka ɗauko mutum ɗaya sukutum. Ka ɗauki tafiyar wani, muryar wani, hular wani, ka haɗa uku su zama ɗaya, yadda kowa zai ce ya san shi amma babu mai iya nuna ƙofar gidansa. Ranar kasuwar Rogo yakan tura ni in zauna kusa da masu awo, ba saye ba sayarwa, in yi ta sauraro. In na dawo sai in yi masa abin da na samo. In ya kalla ya ce ai wannan Tanimu mai barkono ne, sai in ji takalmi a bayana. Na sha takalmin Maigida har na san lambarsa.

Ku kuna ganin magana kawai muke buɗe baki ta zubo. Rubutawa muke yi. Ni a bayan takardar buhun siminti na fara, da rubutun da darakta ya ce sai an nemo malamin asibiti ya karanta. Na rubuta wasan rijiyar da aka buɗe da biki alhali da jarka aka zuba mata ruwan tun da safe. Na rubuta na shugaban kwamitin gyaran hanya wanda ya kasa zuwa taro saboda hanya ba kyau. Ba mu taɓa kiran sunan kowa ba, amma duk wasan da ya fita sai mutum ya tare ni ya ce da shi nake. Akwai kuma waɗanda suke fushi don ba da su nake ba. Wani Alhaji ya taɓa tsayar da mota ya tambaye ni me abokin hamayyarsa ya fi shi da har ake zaginsa a talabijin shi ba a zaginsa. Waɗannan su ne masu cinikinmu, kuma babu wanda za ka iya gamsarwa a cikinsu.

Ina cikin haka na auri Saude. Mahaifinta Malam Ilu wakilin dagaci ne a wani ƙauye a bayan Beli. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, na riga na yi musu abin da ya ishe su. Aikinsa shi ne sasanta mutane: iyakar gona, shanun da suka shiga dawa, bishiyar da inuwarta take gonar wani saiwarta take gonar wani. Maganarsa ɗaya takan kashe rigimar da aka gada.

Kun san yadda zuwa gidan surukai yake. Ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa a gefen tabarma, ka sunkuyar da kai. Ba ka magana sai amsa gaisuwa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka dariya. To ga mai irin sana'ata babu wurin zama da ya kai wannan. Bakinka a rufe, babu mai kallonka, idonka kuwa yana aiki ta ƙasa. Shekaru ina zuwa ina durƙusawa a zauren nan ana kawo ƙara a gabana. Na lura duk sa'ad da Malam Ilu zai yi magana, sai ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya juya ta, ya hura mata iska, ya mayar, ya yi gyaran murya. Wani lokaci bayan duk wannan abin da zai ce kawai shi ne a je a dawo gobe. Ina durƙushe, amma a cikina ina ta tafi.

Sai wata shekara Maigida ya tafi aikin Hajji, gidan talabijin kuma suka ce suna son sabon mutum cikin gaggawa. Da na bi doka, da na je Rogo na nemo tafiya, na je Tudun Kaya na nemo murya. Lalaci ya hana ni. Na ɗauko surukina sukutum, da hularsa da gyaran muryarsa da yadda yake tankwashe ƙafa, na sa masa suna Wakili Sai-Gobe, mutumin da ko gobara aka kawo masa sai ya leƙa hula ya ce a dawo gobe. Na gaya wa kaina ai ƙauyen babu lantarki, wa zai gani?

Ranar da aka fara nunawa Saude tana tsintar shinkafa a gaban akwatin talabijin. Ta ɗaga kai ta kalla, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan hular kamar ta san ta. Na ce huluna ai duk kamarsu ɗaya. Ta ci gaba da tsintarta, amma a ranar na ci tsakuwa a shinkafa.

Sai-Gobe ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa yi. Direbobi suka rubuta sunan a bayan mota. Ma'aikatan ofis in suna son korar mutum sai su cire hula su leƙa. Na sayi babur, na fara sa tabarau mai gilashi. Da Maigida ya dawo ya kalli wasa ɗaya, sai ya sunkuya ya cire takalmi. Duka biyun na samu. Ya ce in daina, na ce to, ban daina ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne wani mai shayi a ƙauyen surukaina da ɗan'uwansa ya aiko masa da janareta da talabijin daga kudu. Ya kafa su a rumfarsa don jawo ciniki. Ba a daɗe ba duk ƙauyen suka ga wakilinsu a cikin akwati, da tumbin matashi.

Labarin abin da ya biyo baya daga bakin mutane na ji shi. Wasu manoma biyu, Audu da Tanko, suka kawo rigimar wata ɗorawa da ke kan iyakarsu. Jama'a sun cika zaure. Kowa ya faɗi nasa, Malam Ilu ya kai hannu ya cire hula. Yana leƙawa sai wani daga baya ya ce, “Sai gobe.” Zauren ya fashe da dariya, har da masu rigimar. Malam Ilu ya mayar da hularsa a hankali, kuma daga ranar bai sake cire ta a gaban mutane ba. Rigimar da ta biyo baya ya yanke hukunci nan take, da zafi, har ya daka wa wani tsawa, abin da ba a taɓa ji daga gare shi ba. Mutanen suka fita suka ƙarasa shari'ar da ƙotar fartanya, aka fasa wa ɗaya kai. Dagaci ya fara tura wani ya saurari ƙararraki. Zauren da ba ya rabo da takalma a ƙofa ya koma sai kaji.

Yanzu ku samarin zamani za ku ce to me ya hana ka zuwa ka ba shi haƙuri? Ta wane baki? Suruki ba ya buɗe irin wannan magana da surukinsa. In na ce Baba ka yafe mini, na tabbatar masa ke nan a gaban idonsa cewa duk durƙuson da nake yi kallonsa nake. Shi ma girma ba zai bar shi ya nuna ya san da maganar ba. Sai muka ci gaba kamar da. In je in durƙusa, ya tambayi aiki in ce da godiya, ya tambayi mutanen Karaye in ce suna gaisuwa. Ya sa a yanka mini zakara a kai mini ɗakin baƙi. Ban taɓa cin naman da ya tsaya mini a wuya kamar wannan ba. A gida kuwa abu ɗaya Saude ta faɗa, tana ninke kaya ba ta kalle ni ba: “Babana ko a cikin gida ya daina cire hula.”

Sai na yi dabara irin tawa. Na zauna na rubuta wasan da Wakili Sai-Gobe ya mutu. Na ce in babu shi a akwati, mutane za su manta. Darakta ya roƙe ni, na ƙi. Aka ɗauka, aka nuna, har da kuka.

Waɗanda suka kalla sun san wasa ne. Amma labari ya fita daga rumfar mai shayi ya bi baki zuwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin talabijin ba, cewa Wakili ya rasu. Washegari da hantsi sai ga mutane daga wajen Tudun Kaya, wasu a keke wasu a ƙasa, mata da ƙwaryar gero a ka, sun zo ta'aziyya. Suka yi sallama a zaure, mamacin ya amsa. An ce wata tsohuwa ta bar takalmanta a nan, har yau ba ta aiko a karɓa ba. Wani dattijo kuma da ya riga ya durƙusa ya ɗaga hannu, kunya ta hana shi sauya magana, sai kawai ya ce, “Malam, ya muka ji da haƙuri?” Malam Ilu ya ce haƙuri da godiya, ya sa aka kawo musu fura.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Gidan talabijin suka ce tunda na kashe abin da ake kallo, in je in huta. Yara a Karaye suna bina suna cewa ga wanda ya kashe Wakili. Saude ta ce za ta je ganin gida, ganin gidan ya ƙi ƙarewa. Na sayar da babur na kama noman rake a fadama, sai na gane abin da ba a gaya wa mai barkwanci tun farko: babu mai ɗaukar maganarka da gaske har abada. In na faɗi kuɗin rake sai mai saye ya yi dariya ya ce in faɗi na gaskiya. Ranar da kunama ta harbe ni a gona na fito hanya ina tsalle ina kiran a taimaka, mutane suka taru suka yi mini tafi. Wani ya ce wannan ya fi na talabijin.

Ana nan sai aka aiko wai Iya Tabawa tana kirana. Ita ce mahaifiyar Malam Ilu, kakar Saude. Kun san tsakanin kaka da mijin jikarta wasa ne, ba kunya. Tun ranar aurena take kirana angonta, ni kuma ina ce mata amaryar da ta ƙi tsufa da kyau. Duk gidan ita kaɗai ce take iya yi mini magana yadda take so, kuma ita kaɗai ce take iya yi wa Malam Ilu, don shi ne autanta.

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana goga goro a magogi, don haƙoran sun daɗe da yin sallama. Na fara neman gefen tabarma in durƙusa.

“Tashi daga nan, munafuki,” in ji ta. “Durƙuson nan naka shi ya jawo mana masifa. Zauna sosai in gan ka.”

Na zauna. Ta kore wata kaza da ta kira da suna Hajiya, sannan ta juyo.

“Angona, tambayarka zan yi. Duk gidan nan ni kaɗai ce aka halatta maka ka yi wa tsiya. Ka tsallake ni, ka je ka taɓa wanda ko tuwo ba ka iya haɗiya a gabansa. Ni me na rasa? Ba ni da abin dariya ne? Dubi bakin nan. Dubi tafiyata. Sa'o'ina duk sun mutu ba su shiga talabijin ba, ni ga dama har cikin gida, miji ya kai wa wani.”

Na ce tuba nake, amarya. Ta ce tubana ya tafi can. Sannan ta tambaye ni ko na san abin da yake cikin hular da na yi shekaru ina leƙe. Na ce ban sani ba. Ta ce babu komai. Ilu tun yana yaro zuciya gare shi kamar garwashi, ya taɓa jifan ɗan maƙwabta da tukunya a kan ɗan wake. Mahaifinsa ne ya sa masa doka, kafin ya buɗe baki ya cire hula ya duba har sai ya ji ƙirjinsa ya sauka. In ya duba bai sauka ba, ya ce a dawo gobe. Ta ce masu rigimar ma kafin ya gama juye-juyensa sun gaji da huci. Ni na ga hannu yana motsi, na kwashe, ban taɓa tambayar me yake yi ba.

Na ce to yanzu yaya zan yi, ga shi na riga na kashe shi.

“Kai ka kashe, kai za ka tasa.”

Na ce ai an yi kuka, an nuna.

“Kai fa ba ka da wayo,” in ji ta. “Mutumin da ka ce komai sai gobe yake yi, mutuwar ce zai yi yau?”

Sharaɗinta biyu ne. Na farko, hular nan ba zan sake sa ta a kaina ba, a nemi wani. Na biyu, ita kanta zan kwaikwaya.

Na tafi wurin Maigida da wannan magana. Ya yi dariya har ya nemi ruwa. Ya ce amma kada mu ce mutum ya mutu ya dawo, malamai ba za su bar mu ba, kuma da gaskiyarsu. Muka mai da ita doguwar suma. Wakili ya farfaɗo ana shirin raba gadonsa, ya cire hula ya leƙa, ya ce a dawo gobe. Maigida ne ya karɓi Wakilin da kansa, ya sauya masa tafiya da murya daga wasu mutane biyu da har ya rasu bai gaya mini ko su wane ne ba. Hular kawai ya bari. Ni kuma na sake rubutun daga tushe. Da, Wakili ne sakaran. Yanzu sai na cika garin da masu sauri: ɗan kwangilar da yake so a sa hannu kafin a ga gada, mai neman kujerar da yake raba alkawari kafin ya sauka daga mota, magidancin da ya yi rantsuwa a kan akuyar da take bayan ɗakinsa. Kowa ya ruga ya faɗa rami, Wakili yana nan yana leƙen hula. Dariyar ba ta ragu ba, wurin da take sauka ne ya sauya.

Ni kuwa na ɗaura zane na zama uwar Wakili, Iya Ba-Ragi. Horon da na sha a hannun Iya Tabawa ya fi na Maigida, don shi takalmi yake jifa, ita muciya take riƙewa. Ta sa ni in yi ta zagaya tsakar gida a duƙe ina zagin kaji, matan gidan suna leƙe ta taga, Saude a cikinsu tana toshe baki da mayafi. In na yi sai Iya ta ce na tsufar da ita da yawa, ita ba ta jan ƙafa haka. In na gyara ta ce yanzu kuma na mai da ita budurwa, mutane za su yi zargi. Ranar da aka fara nuna ta, Iya Tabawa ta sa aka ɗauko talabijin ɗin mai shayi da janaretansa aka kawo ƙofar gida, ta zauna a gaba tana gaya wa kowa inda na yi kuskure. A makon Saude ta dawo Karaye. Ba ta ce ta huce ba, amma shinkafar babu tsakuwa.

Zauren Malam Ilu bai cika nan da nan ba. Sai da damina ta zagayo, rigimar ɗorawar nan ta sake tashi, Audu da Tanko suka ƙi zuwa wurin kowa sai wurinsa. Suka faɗi nasu, ya buɗe baki zai yi magana da hula a ka. Sai Tanko ya matso ya ce, “Malam, don Allah a duba mana hular tukuna. Wancan karon da ba a duba ba, ƙanena ne ya kwana a asibiti.” An yi 'yar dariya. Malam Ilu ya kai hannu ya cire hular. An ce ranar ya leƙa ta fiye da kullum, ya ce a raba kalwar biyu duk shekara, inuwa kuma ta mai gajiya ce. Dagaci ya ji, ya daina tura kowa.

Ni da surukina ba mu taɓa yin maganar nan ba, ko sau ɗaya. Na ci gaba da zuwa ina durƙusawa, sai dai yanzu tabarma nake kallo da gaske. Wata Sallah bayan ya tsufa sosai, na je gaisuwa, zauren babu kowa sai mu biyu da wata tunkiya a ɗaure a bakin ƙofa. Muka gama gaisawa. Sai na ji motsi, na san ya cire hula. Ya juya ta, ya hura, amma bai mayar ba. Ya ajiye ta a kan tabarma, ya tura ta da yatsa har ta taɓa gwiwata. Sannan ya fuskanci tunkiyar ya ce mata, “In da mai zuwa Kano, a gaya wa mutanen talabijin hagu ake juya ta. Shekara da shekaru suna juyawa dama.”

Ni ma na ce wa tunkiyar in sha Allahu za a gaya musu. Ya ce madalla, a gaida mutanen Karaye.

Hular ce wannan da kuke gani a kaina, duk ta koɗe, ta kuma yi mini yawa. Iya Tabawa ta riga ta rasu a lokacin, Allah ya jiƙanta, amma na tabbata da ta ce kaina bai cika ta ba. Saboda haka ku masu zuwa da waya, ku je kasuwa ku zauna ku yi shiru, ku haɗa mutum uku, kuma kafin ku ɗauki motsin mutum ku san abin da yake yi masa. Yaron nan mai birgima ya dawo jiya, ya ce ya yi sabon abu, ya kwaikwayi limamin unguwarsu tsaf, har da tarin, yana so in ce masa ya saka a intanet ko kada ya saka. Na ji maganar jaki ta taso mini har maƙogwaro. Na cire hular na leƙa, na juya ta hagu, na hura. Ƙirjina bai sauka ba. Na ce masa ya dawo gobe.